Daga Birnin Kebbi zuwa Gaya da Malanbil a ƙarshen mako: mu tafi ko mu haƙura?

Nura Kalgo:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Shawara muka zo nema. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi: ni, da Sadiƙ ɗan Jega, da Hamza, da Danjuma ɗan Zuru. Tun aji ɗaya muke tare, tukunyarmu ɗaya, risho ɗaya. Yanzu mun gama jarrabawar ƙarshe, kowa zai kama gabansa, bautar ƙasa kuma ba wanda ya san inda za ta jefa shi. Shi ne muka ce kafin mu watse mu yi wata tafiya tare. Ranar Juma'a mu tashi zuwa Kamba, mu tsallaka Gaya mu kwana gidan kawun Hamza, Asabar mu haye kogi mu ga kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin, Lahadi mu dawo. Ƙasa uku cikin kwana uku. Yayan Sadiƙ ya yarda zai ba mu aron motarsa. Waɗanda suka san hanyar nan, don Allah me ya kamata mu sani kafin mu tashi?

Sani Direba:
Wa alaikumus salam. Hanyar Kamba da ita nake ci da ita nake sha. Abu na farko, kada ku ce sai an sauko Juma'a za ku tashi. Wanda ya bar Birnin Kebbi ƙarfe uku na rana, ga tsaye-tsayen shinge, ga duba takardu a bakin iyaka, magariba za ta riske shi tsakanin Kamba da Gaya, kuma ba wurin da baƙo zai so duhu ya same shi ba ne. Ku yi sammako, ku yi Juma'arku a Kamba, ku tsallaka rana na sama.

Mustapha Yauri:
Ƙanena Nura, ba zan ɓoye maka ba, hankalina bai kwanta da tafiyar nan ba. Da shekara goma baya ne, ni zan ce ku zarce har Yamai. Amma yanzu fa? A watan Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka shiga Mera ta ƙaramar hukumar Augie suka kashe aƙalla mutum 15, tun daga nan kuma ba a daina jin motsinsu a ƙananan hukumomin Arewa da Dandi ba. Dajin da suke bi shi ne wannan dajin na bakin iyaka. Arewacin Benin ma wajen gandun dajin W ba lafiya, sojojin ƙasar sun sha rasa mutane a can. Samari huɗu, baƙi, a mota mai lambar Najeriya, ba fatauci ba, ba biki ba, ba ta'aziyya ba. In an tsayar da ku aka ce me ya kawo ku, me za ku ce?

Hamza:
Yaya Mustapha, ziyara za mu ce, kuma ita ce gaskiya. Kawuna ne, ciki ɗaya suke da mahaifiyata. Ita 'yar Gaya ce, muna yara kowane hutu sai an kai mu. Ban taɓa ganin an tambaye ta fasfo ba, ko ni ba a taɓa tambayata ba.

Anti Rabi:
Hamza, lokacin kana yaro ne a bayan mahaifiyarka. Yanzu ga gemu. Ku gaya mini tukuna, cikinku wa ke da fasfo? Wa ke da katin rigakafin ciwon shawara, wannan mai launin ɗorawa? Shi ne katin da ma'aikatan lafiya ke nema a iyaka, kuma ba ranar tafiya ake yin sa ba. Allurar sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki. Alherin abin, tun 2016 allura ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa, ba sai an maimaita ba. Kuma ina roƙonku, kada ku sayi kati a hannun 'yan tasha ba tare da an yi muku allurar ba. Sauron bakin kogi bai san kati ba, jinin da ke jikinku zai sha. Ku tafi da gidan sauro ma.

Nura Kalgo:
Anti, ni da Sadiƙ muna da fasfo. Hamza nasa ya ƙare bara amma ya ce Gaya gida ne. Danjuma ba shi da komai sai takardar NIN da katin makaranta. Katin shawara kuwa ni kaɗai nake da shi.

Hamza:
Ai kullum mutane na wucewa ba takarda. A kan babur ma.

Alhaji Garba Mai Albasa:
Salamu alaikum. Yara, ku saurara da kyau. Ni albasa nika kaiwa, daga Aliero har bakin gulbi, tun ba a haihe ku ba. Maganar Hamza gaskiya ta, amma rabi ta. Mutanen Kamba da Dole Kaina da Tunuga da Gaya iyaka ba ta tsare su, don an san su. Mai shinge ya san uban mutum, ya san gonatai, ya san ranar da shika wucewa da akuyatai zuwa kasuwa. Wanga sanin, shi na takardarsu. Ku ko ba ku da shi. Hamza ma da shika cewa gida na, kawunai anka sani, shi ba a san shi ba sai an ce ɗan wance na. Baƙo ko da ido makaho na.

Zancen mota kuma, ku bar ta. In mota mai lambar Najeriya za ta shiga, sai an yi mata lesefase, wato takardar izinin shiga, wurin duwan, wato kwastan, sai an ga takardun mota, an ga inshora wadda ka aiki can, an ga lasin direba. To sunan da ke bisa takardun ba na ko ɗayanku ba na. Motar aro a bakin iyaka, ba wasiƙa daga mai ita, hannun yaran da ba su jin Faransanci ba su jin Zabarmanci? Ana iya aje ta kwana da kwanaki ana bincike, ku rasa bakin magana. Na ga manyan mutane sun kwana ƙarƙashin icce don irin wanga. Kuma ko da wasa kada ku ɗauki jarka da mai a but. Wanda anka gani da jarka kusa ga iyaka, ɗan sumoga na har sai ya wanke kainai.

Ku shiga motar haya daga Kamba. Direban ya san kowa, kowa ya san shi, tahiyar ba ta kai awa guda ba in ba a tsaida ku ba.

Kuɗɗi: Nijar da Benin sefa guda suka kashewa, ba sai kun canza sau biyu ba. Ku canza a Kamba wurin 'yan canji, ku nemi ƙananan takardu. Amma ku sani Naira ta yi rauni. Jaka guda, wato sefa 1,000, a 2019 ba ta kai Naira dubu ba, tun 2024 ta wuce dubu biyu. Kuma can da dala aka ƙirga: in mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 ke nan, dala ɗari kuma 500. Katin bankinku da taransifa ku manta da su sai kun komo.

Sani Direba:
Alhaji ya gama magana. Ni ma da nake direba, motar gidana ba ta taɓa tsallakawa ba.

Sadiƙ Jega:
Baba Alhaji, mun gode. Amma gaskiya motar ita ce daɗin tafiyar. Mu tsaya inda muke so, mu ci abinci inda muke so, mu yi hirarmu mu huɗu ba fasinja. In a motar haya ne ai an matse mu mu biyu a gaba mu huɗu a baya, da buhun wani a cinya.

Isufu Gaya:
Barkanku da warhaka. Ni ɗan Gaya ne, a nan nake zaune, wani aminina na Bunza ya shigo da ni zauren nan tun da daɗewa. Sadiƙ, ko kun shigo da motar, Malanbil ba za ta gan ta ba. Gadar da ta haɗa mu da su a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, iyakarmu da Najeriya ma ta buɗe a watan Maris na shekarar, amma gadar hukumominmu ba su buɗe ta ba, kwantenoni aka gitta a kanta. Mutane da kaya kwale-kwale suke shiga. Ana hayewa kullum, ba zan ce ba a hayewa ba, mata da 'yan kasuwa da ɗalibai duk suna yi. Sai dai wanda ya haye ta nan ba ta ƙofar hukuma ya shiga ba. Ɗan gari in an tambaye shi ya san abin da zai ce. Ku 'yan ƙasa ta uku ne, kun fito daga Najeriya, kun bi ta Nijar, kun faɗa Benin ta ruwa. In wani jami'i ya so ya tsananta, ba ku da hujja.

Gaya kanta kuwa ku zo, lale marhabin. Gari ne mai albarka, duk Nijar ba inda ya kai yankinmu samun ruwan sama. Ga rake, ga rogo, ga mangwaro a lokacinsa, ga kifin kogi ɗanye da banda. Giginya kuwa daji guda ne a Dallol Mawri, muruci sai kun ture. Dendi da Zabarmanci ake yi, amma da Hausa za ku sayi komai, ku tambayi komai.

Abu biyu zan roƙe ku. Kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoto a gada, ko shinge, ko inda soja da jandarma suke, ko daga nesa ne. Na san halin samari, komai sai an ɗora a Facebook da TikTok. Nan wannan babban laifi ne yanzu. Na biyu, kada ku buɗe hirar siyasa a teburin mai shayi. A watan Agustan 2023 aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, layin ma daga Birnin Kebbi ya taso ya bi Doso zuwa Yamai. Mutane sun sha zafi, magani ya yi tsada, abinci ya yi tsada. Ba wanda zai riƙe ku da wannan, mun san ba talaka ya yi ba, amma mikin bai gama warkewa ba.

Mustapha Yauri:
Kun ji ko? Kwale-kwale. Mu mutanen Yauri da Ngaski mun san abin da ruwa ke yi. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra da mutum sama da 100 a ciki, kaɗan aka ceto, har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Lodi fiye da kima, ba rigar ruwa. Nura, cikinku wa ya iya iyo?

Nura Kalgo:
Danjuma kaɗai, Yaya.

Zainab Gwandu:
Ni tambayata, me ke cikin ƙasa uku ɗin nan da ya sa dole sai su? Jiharmu ta ƙare ne? Cikinku nawa suka taɓa shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu? Nawa suka zo Gwandu suka ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo? Kuna zaune da ɗan Zuru shekara da shekaru, kun taɓa bin sa gida kun gaida iyayensa? Kuma ku yi haƙuri in faɗa, da mu mata ne muka kawo wannan shawarar, da ba a kai nan ana tattaunawa ba, da tun saƙon farko an ce mana a'a. Ku ana lallashinku ne kawai don ku maza ne, alhali hatsarin bai san namiji ba.

Malam Usman Argungu:
Zainab 'yata, maganarki tana kan hanya, kuma gidan tarihin Kanta ƙofarsa a buɗe take. Amma ni ba na son a kashe wa yaran nan gwiwa gaba ɗaya, don abin da suke son gani ba baƙon abu ba ne, nasu ne.

Layin nan da ake kira iyaka Turawan Ingila da na Faransa suka shata shi a kan takarda. A yarjejeniyar 1898 sai suka kafa tsinke a Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa inda ba rijiyoyi, suka nemi gyara, aka sake zama a 1904 da 1906. Ba a tambayi Bakabe ko Ba'are ko Bazabarme ko ɗaya ba. Shi ya sa Arawa suke Kangiwa suke kuma Dogondutsi da Matankari. Kyangawa suna yankin Kamba suna yankin Gaya. Dendi kuwa ta rabu uku, wani yanki a wurinmu, wani a Nijar, wani a Benin. Mahaifiyar Hamza ba daga wata ƙasa aka auro ta ba a idon kakanninsa, daga gari na gaba aka auro ta.

Sadiƙ, kai ɗan Jega ne, to ka sani gishirin Foga da ake dafawa a kwarin nan na kusa da Gaya, kasuwar Jega ake kawo shi a kan jakuna tun ƙarni na 19. Fataken Gwanja masu zuwa sayen goro ma ta nan suke bi, su haye Kwara wajen Gaya ko Illo, su bi Kandi da Zugu har Salaga. Hanyar da kuke shirin bi a mota kakanninku sun bi ta a ƙafa, wata da watanni. Abin da ke damuna shi ne yaranmu sun san sunan unguwannin Dubai da Landan, amma ba su san cewa Gaya ta fi Sakkwato kusa da Kamba ba. A 2025 ma Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ɗalibin da ya gama jami'a a Kebbi bai taɓa taka Dendi ta can ba, akwai giɓi a karatunsa.

Don haka ni ina cewa su je. Amma su je yadda fatake ke zuwa: da mai masauki, da izinin manya, da rana. Bafatake bai taɓa shiga gari ba tare da ya san gidan da zai sauke kaya ba.

Zainab Gwandu:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru. Amma fataken nan ayari suke yi, da madugu da 'yan baka. Waɗannan su huɗu ne da wayoyi.

Mustapha Yauri:
Abin da nake faɗa ke nan, Malam. Tarihin gaskiya ne, amma mai bindiga a daji ba ya tambayar tarihi.

Malam Usman Argungu:
Shi ya sa na ce motar haya da tsakar rana a kan kwalta, ba hanyar daji a kan babur ba. Kullum ta Allah motoci na zirga-zirga tsakanin Kamba da Gaya. In muka ce ba mai motsawa sai ƙasa ta yi lafiya ƙalau, zumunci zai mutu kafin nan, kuma waɗancan mutanen abin da suke so ke nan.

Barista Aminu:
Bari in sa baki kan takardu, don na ga ana cakuɗa abubuwa. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza, amma da sharaɗin yana riƙe da takardar tafiya mai aiki da shaidar rigakafi. Ba biza ba yana nufin ba takarda ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma tun a Disamban 2024 suka sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, tare da cewa suna da ikon mayar da duk wanda ba su yarda da shi ba. Wannan ƙarshen shi ne ya shafe ku. Takardar NIN da katin makaranta ba takardun ƙetare iyaka ba ne. Fasfon da ya ƙare ma haka. Hamza ya je ya sabunta, dama zai buƙace shi nan gaba. Danjuma ya je ofishin shige da fice na Birnin Kebbi ya nemi fasfo. Kuma in kun isa, ku tsaya a buga muku hatimin fita da na shiga, kada wani ɗan acaɓa ya ce zai zagaya da ku ta bayan gari don ku huta da layi. Wanda ba a rubuta shigarsa ba, in wani abu ya same shi ba wanda zai nema.

Danjuma Zuru:
Ina gaida iyaye da yayye. Nura ne ya sa ni a zauren yanzu, na karanta komai daga sama. Na ga ni ne matsalar. Kuɗin da ke hannuna na komawa gida ne da na karɓar sakamako, in na taɓa shi don takarda ba ni da na mota. Ku je ku uku, ku kawo mini labari. Ba zan ji haushi ba, Allah ya sani.

Sadiƙ Jega:
Danjuma, kada ka sake faɗin haka. Lokacin da taifot ta kwantar da ni a aji biyu, wa ya kwana a kan benci a asibiti har aka sallame ni? Da azumi kai da ba ka yi, wa ke tashi ya ɗora mana ruwan zafi ya tashe mu sahur? Ranar Lahadi in ka tafi coci wa ke ajiye maka abincinka a rufe? Tafiyar nan don mu huɗu aka ƙirƙiro ta. In ta zama ta mutum uku ba ta da amfani, gara mu zauna a ɗaki mu dafa taliya.

Hamza:
Haka ne. Ko mu huɗu ko a fasa.

Anti Rabi:
Allah ya yi muku albarka, kun sa ni ƙwalla. To ga shawara. Kuɗin man da za ku zuba wa motar zuwa da dawowa, da na takardun shigar da ita, in kun bar ta ai sun rage. Ku haɗa su ku yi wa Danjuma takarda. Ni kuma kuɗin katin shawara na mutum uku yana wuyana. Ana cike shi ta intanet, sannan a je a yi allurar a karɓa. Amma wannan Juma'ar ta fita daga lissafi, ku sani.

Injiniya Kabiru Jega:
Ni ne yayan Sadiƙ, mai motar. Sai yanzu na ga zaren nan. Sadiƙ, da ka zo mini cewa ka yi za ku je Kamba, ban ji Gaya ba balle Benin. Ba na son mu yi wannan maganar a gaban jama'a, amma tunda a nan aka kawo ta: mota za ta kai ku Kamba, akwai abokina a can, ta kwana a gidansa, ku shiga ta haya. Ba ta tsallakawa. Kun samu hirarku ta hanya, awa biyu da wani abu zuwa, haka dawowa. Abu na biyu, Baba bai sani ba. Ba ni zan gaya masa ba, kai za ka je ka durƙusa ka faɗa da bakinka. Sauran ma kowa ya sanar da gida. Duk wanda iyayensa ba su yarda ba, motata ba ta ɗaukarsa.

Sadiƙ Jega:
To Yaya. Gobe in sha Allah zan shigo Jega.

Nura Kalgo:
Malanbil fa? Gaskiya ita ce ta fi ja na. Ana cewa duk Benin in ka cire Dantokpa ta Kwatano ba kasuwar da ta kai ta.

Alhaji Garba Mai Albasa:
Kasuwa ta ƙwarai, ba ƙarya. Albasa, masara, doya, gari, atamhwa, duk abin da kaka nema. Amma ba gudu za ta yi ba, ɗana. Ranar da anka buɗe gada ni da kaina in kai ku, ku ga inda muka sauke kaya. Yanzu ku tsaya bakin gulbi ta wajen Gaya da la'asar ku hange ta, ba tare da kun hiddo waya ba.

Isufu Gaya:
In kun sa rana ku gaya mini, in tarye ku a tasha in kai ku gidan kawun nasa. Layinku na Najeriya yakan ɗauke da kun yi nisa da Kamba, sayen sabon layi kuma sai da rajista, don kwana biyu bai cancanci wahalar ba. Ku ba iyayenku lambata da ta kawu. Asabar da safe in kai ku ku ga inda ake dafa gishiri in hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba mu tsaya cikin gari da bakin kogi.

Malam Usman Argungu:
Ku naɗa shugaba ɗaya a cikinku kafin ku tashi, sunna ce in matafiya sun kai uku, kuma tana raba gardama a hanya. Kuɗi kuma ku zuba asusu ɗaya, mutum ɗaya ya riƙa biya yana rubutawa, don abota da yawa a kan kuɗin mota da na abinci take tsagewa. Nisan ya wuce mil 48, saboda haka kuna da kasaru. Kuma kada ku shiga gidan mutane hannu rabbana. Goro, sabulu, turmin atamfa ga matar kawu, alewa ga yara. Ku bar Danjuma ya nemi cocin garin ranar Lahadi da safe kafin ku kamo hanya, Isufu zai san inda take.

Isufu Gaya:
Na sani, Malam, ba nisa.

Mustapha Yauri:
Ni dai har yanzu ra'ayina bai canza ba, da Zuru kuka je ko Argungu da na fi samun barci. Amma tunda an cire kwale-kwale da tafiyar dare, ba zan ƙara ja ba. Sharaɗina ɗaya: ranar Alhamis kafin ku tashi, Sani ya tambayi direbobin da suka dawo daga Kamba a ranar. In sun ce an ji wani motsi, ko ƙanƙani ne, a ɗage. Kada wani ya ce ai an riga an shirya.

Sani Direba:
Na ɗauka. Alhamis bayan la'asar zan kira Nura, ko da daɗi ko ba daɗi.

Zainab Gwandu:
Danjuma, in kun dawo ka ja su zuwa Zuru lokacin bikin Uhola. Kada ka bar su su wuce bautar ƙasa ba su gaida mamanka ba.

Danjuma Zuru:
Dama tana ta tambayarsu, musamman Sadiƙ. Anti Rabi, Barista, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Litinin da safe zan je ofishin, Nura zai raka ni.

Sadiƙ Jega:
Na dawo daga Jega yanzu. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya yi magana da kawun Hamza da kansa, ya ji muryarsa, ya ji ko ya san da zuwanmu. Hamza, turo mini lambar ta akwati.

Hamza:
Na tura. Amma a gaya wa Baba ya kira bayan isha'i, da rana kawu yana gonar rake, waya ba ta shiga a can.